Ranar Aure da Shekara ta Fari

Ikilisiya tana koya mana cewa ango da amarya su ne ke ba juna Sakramentin Aure. Fada da shaidu biyu suna shaida alkawarinsu ne. Saboda haka ranar tasu ce. Ya dace su zauna da Fada su zaɓi karatun Misa da kansu, kamar addu'ar Tobiya da Saratu (Tobit 8) ko bikin Kana (Yohanna 2).

Shari'ar Musa ta hana a tura sabon ango yaƙi har shekara guda (Maimaitawar Shari'a 24:5). Mu iyaye, kada mu ɗora musu bashin biki ya cinye wannan shekara. Idan ta cika, mu raka su Misar godiya.