Bulus a Filibi, Maryam a Khartum

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:35-40

Da gari ya waye a Filibi, mahukunta suka aika a saki Bulus da Sila a ɓoye. Bulus ya ƙi. An yi musu bulala a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, alhali kuwa su 'yan ƙasar Roma ne. Saboda haka ya ce sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka zo a tsorace, suna ba da haƙuri. Manzon da ya raira waƙa ga Allah da tsakar dare shi ne kuma ya nemi haƙƙinsa da safe, bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Irin wannan ya faru a Sudan a 2014. A watan Mayu wata kotu a Khartum ta yanke wa Maryam Yahya Ibrahim hukuncin kisa bisa laifin ridda, da bulala 100, domin kotun ba ta ɗauki aurenta da Kirista a matsayin aure ba. Mahaifinta Musulmi ne, amma mahaifiyarta Kirista ce ta rene ta cikin bangaskiya. An ba ta kwana 3 ta musanta Almasihu, ta ƙi. A kurkukun mata na Omdurman ta haihu.

Ofisoshin jakadancin Amurka da Birtaniya da Kanada da Holan suka nuna damuwarsu a fili. Ranar 23 ga Yuni kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta, washegari aka tsare ta a filin jirgin sama. Ta fake a ofishin jakadancin Amurka kusan wata guda, har Italiya ta yi sulhu a asirce, mataimakin ministanta na harkokin waje ya rako ta zuwa Roma ranar 24 ga Yuli.

Sai dai a lura: mijinta ɗan ƙasar Amurka ne, sunanta kuma ya kai kunnen duniya. Matsin lambar ya fitar da mace ɗaya da iyalinta, dokar ridda kuwa ta zauna daram har 2020 kafin a soke ta. Mai yiwuwa abin da Bulus ya hango ke nan da ya ƙi fita ta bayan gida: shi zai tafi, amma Lidiya da sauran 'yan'uwa za su ci gaba da zama ƙarƙashin waɗannan mahukunta.

Maƙwabciyar Sudan ta gabas, wato Eritiriya, ta rufe majami'un da gwamnati ba ta amince da su ba a 2002. A 2004 Amurka ta sa ta cikin jerin ƙasashen da suka fi tauye 'yancin addini. A shekarar ce aka kama Fasto Haile Naizghi da Dokta Kiflu Gebremeskel. Ba su da takardar wata babbar ƙasa. Sun haura shekara 20 a tsare, ba a taɓa gurfanar da su gaban alƙali ba.