Ƙofar Gumel a Kan Allo: Yadda Ake Gina Ƙaramin Fagen Yaƙi Bisa Ma'auni

Diyorama wani ƙaramin fage ne da ake ginawa a kan allo, a zuba masa ƙasa da itatuwa da gine-gine da mutum-mutumi, yadda mai kallo zai ga wani abin da ya faru kamar an tsayar da lokaci. Kalmar ta samo asali ne daga wani gidan kallo da Louis Daguerre da abokin aikinsa suka buɗe a birnin Faris a 1822. Amma tun kafin haka sojoji sun san amfanin irin wannan aiki. Daga 1668 Sarkin Faransa Luwi na 14 ya sa aka riƙa ƙera masa ƙananan siffofin garuruwansa masu ganuwa, akasari bisa ma'aunin 1:600, domin shi da sarakunan yaƙinsa su nazarci inda gari yake da ƙarfi da inda yake da rauni ba tare da sun bar fada ba.

A yau kamfanoni irin su Tamiya na Japan da Airfix na Ingila suna sayar da ƙananan tankokin yaƙi da sojojin roba. Sai dai ɗalibin da ke Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya bukatar jiran kwali daga waje, domin tarihin da ya fi cancanta ya gina yana ƙarƙashin ƙafarsa.

Abin da za a gina

An kafa masarautar Gumel wajen 1750, ta Mangawa ce, kuma ta bi Barno, ba ta shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. Zamanta tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram ya sa ta sha yaƙi a ƙarni na 19. Rikicinta da Haɗeja bai lafa ba sai da Sarki Abdullahi ya rasu a 1872, sa'an nan hare-haren Damagaram suka ci gaba har ƙarshen ƙarnin, kafin zuwan Turawan Ingila a 1903. Lokacin da Bajamushen nan Dokta Barth ya ratsa garin a watan Maris na 1851, fadar ta riga ta taso daga Tumbi ta dawo Gumel, kuma ya tarar da garin babbar kasuwa ce ta kanwa.

Kuskuren mai farawa shi ne ya ce zai gina yaƙi sukutum. Allo ba ya ɗaukar yaƙi, daƙiƙa guda yake ɗauka. Alal misali, a zaɓi wata safiyar rani: an buga tambari, barade biyu na fitowa daga ƙofar gari, wani falke na kora takarkarinsa da kayan kanwa yana neman shiga kafin a rufe, 'yan baka uku kuma sun hau kan ganuwa. Mutum shida, doki biyu da sa ɗaya sun isa aikin farko.

Lissafin ma'auni

Nan ne zuciyar aikin take. Idan aka rubuta 1:35, ana nufin santimita ɗaya a kan allo tana wakiltar santimita 35 a zahiri, watau duk tsawon da aka auna sai a raba shi da 35. Mutum mai tsayin santimita 170 zai zama santimita 4.9. Doki mai tsayin santimita 150 daga ƙasa zuwa doro zai zama 4.3. In an ɗauka, don gwaji, cewa ganuwa ta kai mita 5, to a kan allo santimita 14.3 ce. A ma'aunin 1:72 kuwa, mutumin nan zai koma santimita 2.4, ganuwar kuma 6.9.

Wane ma'auni ya fi? Ga wanda zai ƙera mutanensa da hannu, 1:35 ya fi sauƙi, domin sassaƙa fuskar mutum mai tsayin santimita 2.4 aikin gwanaye ne. Amma akwai farashin da za a biya. Allo mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 yana wakiltar fili mai mita 21 da mita 14 kacal a 1:35, alhali a 1:72 zai ɗauki kimanin mita 43 da mita 29. Wanda kuma ya yi burin gina garin da faɗinsa ya kai kilomita ɗaya a 1:35 zai nemi allo mai mita 28 da ɗoriya. Dalili ke nan da ya sa Faransawa suka zaɓi 1:600, inda kilomita ke komawa mita 1.7.

Ya kamata a lura cewa tsawo ne kawai ke raguwa sau 35. Fili yana raguwa sau 35 × 35, watau 1,225. Ƙunshi kuwa, da nauyin da ke biye da shi, yana raguwa sau 35 × 35 × 35, watau 42,875. Don haka da za a ƙanƙantar da doki mai kilo 350 da namansa da ƙashinsa, da nauyinsa bai wuce giram 8 da 'yan kai ba. Wannan ne ya sa siririyar waya ke iya ɗaukar ƙaramin doki yana tsaye kan ƙafa biyu.

Ma'auni bai tsaya kan mutane da dawaki ba, kuma a nan yawancin masu farawa ke tuntuɓe. Ƙwayar yashi mai kaurin milimita ɗaya, idan aka ninka ta sau 35, ta zama tsakuwa mai santimita 3.5. Mai kallo zai ga barade suna sukuwa kan duwatsu, alhali ƙasar Gumel rairayi ce mai laushi. Tsinken sakace mai milimita 2 in aka mai da shi mashi, kaurinsa ya zama santimita 7, ya koma taɓarya. Sandar mashi mai kaurin santimita 2.5 tana bukatar waya mai milimita 0.7, tsawonta kuma santimita 5.7 in mashin mita 2 ne. Zare, ciyawa, tubali, har da ƙwayar ƙasa, kowanne sai ya bi ta hannun rabawa da 35.

Ƙasa da ganuwa

A samo falankin katako mai kauri, a shafe shi da fenti ko fanish ciki da baya, saboda danshi yana lanƙwasa katako, gara kuma ba ta raina ƙaramin aiki. Tudu da kwari a fara tsara su da kwali ko soson da ake naɗo kayan lantarki, a rufe da tsumma da aka jiƙa da ruwan gam. Jigawar yashi ba ta miƙewa kamar bango: busasshen yashi yana zamewa da zarar gangarensa ya wuce digiri 34 ko kusa da haka, saboda haka duk tudun da ya fi wannan tsaye ido zai ƙi shi. A tankaɗe ƙasar wurin da rariya mafi laushi, ko da ƙyallen yadi, a barbaɗa bisa gam. Ƙaro da aka narka a ruwan ɗumi yana riƙe ƙura sosai, ko da yake yana saki in ya sha danshin damina. Farin gam na kafintoci ya fi shi jurewa.

Ganuwa da yumɓu ake yin ta, amma kada a yi ta curi guda. Yumɓu yana tsukewa yayin da ruwa ke fita daga tsakanin ƙwayoyinsa, kuma in waje ya riga ciki bushewa sai ya tsage. Kafin a fara, a mulmula ɗan sanda na yumɓun, a yi masa alama biyu da tazarar santimita 10, a bar shi ya bushe a inuwa. In tazarar ta koma 9.4, yumɓun yana tsukewa da kashi 6 cikin 100, sai a ƙara wannan a lissafi. Cikin ganuwar a yi shi da katako ko kwali, a yaɓe da yumɓun da aka kwaɓa da rairayi da yankakken gashin buhu, kamar yadda magina ke zuba ciyawa a kwaɓi. Gindinta ya fi samanta faɗi. A gabanta a haƙa gwalalo, a cika bakinsa da ƙaya. A lokacin hunturu a lulluɓe aikin da jiƙaƙƙen tsumma, don iskar tana busar da shi da gaggawa.

Mutane, dawaki da launi

Kowane mutum-mutumi da ƙashin waya ake fara shi, a bar ƙarin waya ƙarƙashin ƙafa don a soke a allo, sa'an nan a ɗora masa jiki da yumɓu ko takardar da aka jiƙa aka kirɓa da gam. Lifidi ana yin sa da siririn ƙyalle da aka yi wa ɗinkin layi-layi, sulke da guntun gidan sauro da aka shafa wa baƙin fenti aka goga bakin fensir, garkuwa da fatar da aka kankare har ta yi kamar takarda.

Launi ma yana da nasa ma'aunin. Wanda ya kalli allon daga nisan mita ɗaya tamkar yana hangen fagen ne daga mita 35, kuma ƙurar da ke cikin iska tana dusashe launin abin da ke nesa. Don haka a sirka kowane fenti da ɗan fari ko ruwan ƙasa, a guji mai sheƙi. Daga ƙarshe a ɗauki busasshen burushi a shafa ƙura a kofato da ƙasan riguna.

Hujja kafin ado

Fagen da aka ajiye a makaranta yara za su ɗauke shi a matsayin abin da ya faru. Ko a Ingila, siffar yaƙin Waterloo da William Siborne ya kammala a 1838 ta jawo doguwar gardama kan yawan sojojin Furushiya da wurin da aka tsayar da su. Mai gina ƙofar Gumel ya kiyayi abubuwan da ido ya saba da su a yau. Darbejiya, wadda ta cika titunan garuruwan nan, sai a ƙarni na 20 aka shigo da ita, don haka ba ta da wuri a fagen 1851. Kuka da tsamiya da aduwa da gawo su ne na wurin. Gawo kuwa da rani yake ganye, ya kaɗe da damina, saboda haka a fagen rani kore ne shar alhali kuka tana tsirara. Rufin kwano ba ya ciki. Igwa kuma a bar ta ga rundunar Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu, wanda aka san shi da ƙera ta a Zinder.

Tsayin ganuwa, fasalin ƙofa da irin shigar barade a nemo su daga dattawan fada, da kayan hawan salla da ake ajiye da su a gidajen sarauta, da kayan yaƙin da ke gidan tarihi na Gidan Makama a Kano. A jikin allon a manna 'yar takarda mai ɗauke da ma'auni, da shekarar da ake nufi, da bayanin abin da aka auna da abin da aka ƙiyasta.