Durowar Inna ta saki, kafinta ya ce a buga ƙusa

Ina da kabad mai durowa huɗu da na gada a wajen mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Cikin kayan ɗakinta yake, an yi shi tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Katakon maɗaci ne, ja, mai nauyi. Kusurwar kowace durowa an sassaƙa mata haƙora masu shiga juna, babu ƙusa ko ɗaya. Da hunturun bana biyu suka saki, in na ja marfin sai ya nemi biyo hannuna. Na kai wa wani kafinta a Birnin Kudu, ya ce ko ya buga ƙusoshi, ko ya yi mini sabo na filawud. Raina bai kwanta ba. Mece ce shawararka?
Mai karatu, daga Gwaram

Hajiya, Allah ya jiƙan Inna. Kada ki yarda da ƙusa. Maɗacin da ya shekara talatin da ɗoriya ya bushe ƙayau, ƙusa a bakin irin wannan katako tsaga shi take yi, kuma haƙori in ya tsage gyaransa ya ninka wahala.

Haƙoran nan masu faɗin baki da siririn gindi su ne ƙarfin durowar. An yi su ne yadda duk jan da za a yi wa marfi sai ya ƙara musu kamu. Abin da ya gaza shi ne gam. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, iskar hunturu ta tsotse shi ya tsuke, shekara bayan shekara, har tsohon gam ya farfashe.

Ga abin da za ki ce a yi, ki kuma tsaya a kai. A fara sa alama da fensir a kowace kusurwa, domin aikin hannu ne, haƙorin wannan ɓari ba zai zauna a wancan ba. A ɗora guntun katako daga ciki, a riƙa ƙwanƙwasawa a hankali har ta rabu. Sai babban aikin, wanda masu gaggawa ke tsallakewa: kankare tsohon gam tas. Farin gam irin Top Bond katako yake kamawa, ba ya kama busasshen gam. In gam ɗin na fata ne irin na da, tsumma da ruwan ɗumi za su narkar da shi, a bari wurin ya bushe sarai. Kada a goge haƙoran da sanfefa, cinye su za ta yi, sakin ya ƙaru. Inda aka ga giɓi bayan an gwada haɗawa, a fere siririn katako a cusa da gam, in ya bushe a datse rarar.

Sai a shafa sabon gam a haɗa, a matse. In babu ƙarfen matsewa, robar tif ɗin babur ta wadatar, a naɗe ta tamau. Kafin gam ya kama, a auna da zare daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. In tsawon ya zo ɗaya, durowa ta miƙe. A bar ta kwana da yini. Allon ƙasa kuwa kada a sa masa gam, a bar shi cikin kwarminsa yana motsi da yanayi.

Ki duba ko akwai ƙananan huji da gari mai laushi yana zuba, domin in ƙwaro ya ci ɓari, sai an sauya shi. Tunda da rani za a yi gyaran, a bar wa durowar ɗan sarari a gidanta, in ba haka ba watan Agusta za ta cije. A goga kyandir a inda take zamewa. Ki nemi dattijon kafinta, a Birnin Kudu ko a Sara, ki biya shi kuɗin yini guda ba tare da ciniki mai tsanani ba.