Amsar Tambaya: Kulocina Yana Maƙalewa a Ƙasa

Malam mai tambaya daga Tirwun, kada ka bari a sauke maka giya tukuna. Kulocin da ke ƙin dawowa in an taka, galibi matsalarsa a waje take: man kuloci ya ragu saboda yoyo, iska ta shiga bututu, ko sifirin ɗin feda ya saki. In kulocin motarka mai waya ne, ƙurar hunturun Bauchi kan busar da wayar har ta riƙa kamawa. Bakanike zai iya cewa farantin kuloci ne ya cinye, amma cinyayyen faranti sulɓi yake sawa, injin na ihu mota ba ta ja. Sai an duba waɗancan na waje an ga lafiya sannan a buɗe ciki. Kafin nan, kada ka hau babban titi da ita.