Binciken aikin gona: mi ya kamata a fara nema?

Ya ku manoma masu karatu, darasinmu na wannan fitowa ya shafi bincike. Bincike shi ne a gwada abu cikin gona, a auna, a rubuta, a sake gwadawa har gaskiya ta fito.

Su wa ke yin bincike?

Bayan babban fari na 1973, gwamnati ta kafa INRAN a shekara ta 1975. Tana da gonakin gwaji a Tarna kusa da Maraɗi, da kuma Kollo. A Yamai akwai AGRHYMET tun 1974, mai lura da ruwan sama da yanayi. A Sadore, kudu da Yamai, akwai ICRISAT mai aiki kan hatsi da dawa da gujiya. Kuɗin bincike kaɗan ne, matsaloli kuwa da yawa. Dole a zaɓi abin da za a sa gaba. Ga abubuwa huɗu.

Na ɗaya: iri

Damana ba ta da tabbas. Wata shekara ruwa ya makara, wata shekara ya ɗauke hatsi na cikin bunni. Hatsi irin HKP yana nuna cikin wata uku. Amma hatsin da ya nuna shi kaɗai a karkara, tsuntsaye a kansa suke taruwa. Saboda haka a nemo iri mai sauri wanda gari duka zai yarda ya shibka tare.

Na biyu: ƙarfin ƙasa

Ƙasarmu ta jigawa ta gaji. Masu bincike sun gano cewa ba sai an watsa takin zamani ko'ina ba. A ɗebi giram 6 na 15-15-15, wato abin da yatsu uku ke ɗauka, a sa cikin kowane rami. Hekta mai rami 10.000 kilo 60 ya ishe ta. Takin gida kuma ba a barinsa.

Wata dabara cikin gonakin manoma ta girma. Tun wajen 1983, a jihar Maraɗi, aka fara sassaben zamani: in ana sharar gona a bar tohon gawo da sabara da kalgo, a rage rassa, a bar masu ƙarfi. Yau an ƙiyasta hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa ta wannan hanya. Abin da ya rage a bincika: itace nawa ya dace da hekta guda?

Na uku: ƙwari

Tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi tana da abokin gaba, wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai yin ƙwai a jikinta, ta mutu. Ana kiwonsa, a sa shi cikin ƴan buhuna, a rataya kusa da gonaki lokacin da hatsi ya fid da kai. Matsalar ita ce a same shi a kan kari. A koya ma ƙungiyoyin ƙauye kiwonsa.

Na huɗu: ajiya

Noma ba ya ƙarewa ran girbi. Tun 2007 aka baza buhun PICS mai riɓi uku: leda biyu a ciki, buhu a waje. In an ɗaure kowane da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin wake su mutu ba tare da magani ba. Mai wake ya jira har farashi ya tashi.

Aikinku

Binciken da ya tsaya cikin birni bai cika rumbu ba. Ku da kuka iya rubutu, ku ne idon masu bincike. Ku raba wani gefen gona biyu daidai: ɗaya da sabuwar dabara, ɗaya yadda aka saba. Ku rubuta ranar shibka, ranakun ruwa, da yawan dammunan kowane gefe. Ku yi haka damana biyu ko uku, don shekara guda ba ta isa shaida. Ku sa mata ciki, su ma suna da gamana. Sa'an nan ku nuna ma malamin gona littafinku.

Tambayoyi don mahawara

1. Cikin abubuwan nan huɗu, wane ya fi damun garinku?
2. Wace dabara ce ta kakanni ta cancanci a gwada ta?
3. Wa zai riƙe littafin gwaji bana?

Allah ya ba mu damana mai albarka.