Ƙari a Jijiyar Kunne: Abin Dubawa Kafin a Yarda da Tiyata

Yawanci a waya ake fara lura. Mutum ya kara ta a kunnen dama ya ji muryar can nesa-nesa, ya mayar hagu ya ji ta tangaran. Sai wata ƙara ta biyo baya, shuuu, ba dare ba rana, wani lokaci har da ɗan tangaɗi in ana tafiya cikin duhu. A yi ta ɗiga magani, a wanke kunne, shiru. Ranar da aka dace da likitan kunne ya tura a ɗauki hoton MRI, sai sakamako ya nuna ƙari a kan jijiyar da ta haɗa kunne da ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiransa akustik niyuroma.

Ɗan'uwa, in kai aka miƙa wa wannan takarda, ko wani naka, ka fara kwantar da hankalinka da cewa ba kansa ba ce. Ƙarin yana tsirowa ne daga murfin da ya lulluɓe jijiyar da ke daidaita tsayuwa da tafiya. Ba ya yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki, kuma a hankali yake girma, galibi milimita 1 zuwa 2 a shekara, wani ma ya tsaya cak. Illarsa tana ga mazauninsa. Akwai wani siririn rami a ƙashin kai, tsawonsa kamar santimita guda, wanda jijiyar ji da ta daidaiton tsayuwa da ta motsa fuska suke bi tare. A nan yake farawa. In ya cika ramin ya leƙo ciki, to ya doshi tushen ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da bugun zuciya.

Abin da nake so ka riƙe kafin ka shiga ɗakin likita shi ne, jin da ya riga ya tafi, babu aikin da ake yi don a dawo da shi. Da yawa sukan yarda da tiyata suna fatan su farka kunne ya buɗe, ƙarar nan ta ɗauke. Ba haka abin yake ba. Likita yana shiga ne da farko don ya ceci rai da ƙwaƙwalwa, sannan ya tsare fuska kada ta shanye, sai a ƙarshe, in hali ya yi, ya ceci ragowar jin da ake da shi. Ƙarar kunnen kuwa tana iya raguwa, tana iya zama yadda take, wani ma ta ƙaru. Wanda ya san wannan jeri tun farko zai fi iya auna abin da ake gaya masa.

Abu uku ne ke yanke hukunci: girman ƙarin, yawan jin da ya rage, da shekarunka haɗe da lafiyar jikinka. Girman yana cikin rahoton MRI, ka nemi a faɗa maka shi da milimita, a kuma gaya maka ko ya fara danne tushen ƙwaƙwalwa. Shi kuwa ji, gwaji biyu ake yi: na jin sauti, da na gane kalmomi. Na biyun ya fi muhimmanci, don kunne kan ji ana magana amma bai rarrabe abin da ake cewa. A ƙa'idar da likitoci suka saba bi, kunnen da ke gane aƙalla rabin kalmomin gwaji, kuma raunin jinsa bai haura desibel 50 ba, shi ne mai sauran amfani, wanda ya cancanci a yi wahalar cetonsa.

In ƙarin ƙarami ne, zaɓin farko ma ba wuƙa ba ce. Sa ido ne. A sake hoto bayan wata shida, sannan shekara-shekara. Likitocin ƙasar Denmak, waɗanda suke tattara bayanan masu wannan ƙari a faɗin ƙasarsu tun 1976, sun gano cewa mafi yawan ƙananan ba su ƙara girma bayan an gano su. Ga dattijo mai hawan jini ko ciwon suga, sau da yawa wannan ne mafi alheri. Sai dai sa ido na da sharaɗi mai nauyi a wurinmu. MRI na da tsada, ba kowane gari ke da shi ba, kuma mutum in ya ga shekara biyu lafiya lau sai ya daina komawa. Wanda ya san ba zai iya riƙe alƙawarin hoton nan ba, ya faɗa wa likita gaskiya tun yanzu, domin hakan na iya sauya shawarar. Sannan ji kan ci gaba da raguwa ko da ƙarin bai motsa ba.

Zaɓi na biyu gashi ne, wato a saita haske mai ƙarfi daga kusurwoyi da yawa ya haɗu a kan ƙarin, ba tare da an yanka ba. Lars Leksell, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin, shi ya ƙirƙiro na'urar Gamma Knife, aka fara gasa irin wannan ƙari da ita a 1969. Akwai kuma CyberKnife. Galibi zama ɗaya ne, a sallami mutum a ranar ko washegari. Gashi ba ya cire ƙarin, hana shi girma yake yi, kuma yana cin nasarar hakan a sama da kashi 90 cikin 100. Hatsarin shanyewar fuska kaɗan ne ƙwarai. Amma ya fi dacewa da ƙarin da bai kai santimita 3 ba, yakan ɗan kumbura a watannin farko kafin ya lafa, ji yakan ragu sannu a hankali cikin shekaru, hoton MRI kuma bai ƙare ba. A 2023 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Bagen ta ƙasar Nowe a kan mutum 100, rabi aka gasa nan take, rabi aka sa musu ido. Bayan shekara huɗu ƙarin waɗanda aka gasa ya fi raguwa, amma ba a ga wani bambancin kirki a jinsu ba. Wato ga mai ƙaramin ƙari, jinkiri na ɗan lokaci ba asara ba ne.

Tiyata tana zama dole in ƙarin babba ne, ko yana danne tushen ƙwaƙwalwa, ko yana girma da sauri, musamman ga mai ƙuruciya. Ƙofa uku ake shiga ta cikinsu, kowace da abin da take ci.

Ta farko ta bayan kunne ce, a huda ƙashi a ratsa ta cikin kunnen ciki. William House na Los Anjelis ne ya inganta ta a shekarun 1960. Wannan hanya tana kashe jin wannan kunne gaba ɗaya, babu dawowa. Ribarta ita ce likita yana ganin jijiyar fuska tun da wuri, ba ya kuma buƙatar ture ƙwaƙwalwa sosai. A ƙarshe akan yanko ɗan kitse daga ciki a toshe ramin. In dama kunnen ya riga ya mutu, ba ka yi asarar komai ba da ka bi ta nan, kuma ni ina ganin bai kamata mutum ya tsorata da jin an ce za a kashe kunnen da tuni ba ya gane magana da shi ba.

Ta biyu ta wajen ƙeya ce, can bayan kunne kaɗan. Tana ɗaukar ƙari kowane girma, ita ce kuma likitocin ƙwaƙwalwa suka fi sabawa da ita. Akwai damar ceton ji in ƙarin ƙarami ne kuma bai nutse har ƙarshen ramin ba. Wasu kan yi fama da ciwon kai na watanni bayanta. Ta uku ta saman kunne ce, an keɓe ta ga ƙananan ƙari da ke cikin rami, a kunnen da ke ji sosai. A hannun ƙwararre akan ceci ji a wajen rabin masu irin wannan ko sama da haka, sai dai jijiyar fuska na kwance a kan hanyar likita, kuma ana ɗaga wani ɓangare na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba a cika yi wa tsofaffi ita ba. Da zarar ƙari ya haura santimita 2, fatan ceton ji ya yi ƙasa sosai ta kowace ƙofa.

A nan nake so mu daɗe, wato batun fuska. In ƙari ya girma, jijiyar fuska takan miƙe ta manne a jikinsa, ta yi siriri kamar ɓawon albasa. Ɓamɓare ta shi ne mafi wuyar aikin. In ta ji rauni, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, ruwa ya riƙa zuba in ana sha. Sau da yawa na ɗan lokaci ne, yakan warware cikin watanni, amma wani na dindindin ne. Mutum na iya rayuwa da kunne ɗaya har abokan hulɗarsa ba su sani ba, fuska kuwa ita ake fara gani. Saboda haka likitoci da yawa yanzu sukan bar ɗan ɓurɓushin ƙarin a jikin jijiyar da gangan, su sa masa ido, in ya motsa a gasa shi. Ka tattauna wannan da likitanka kafin a sa ka barci, ka gaya masa ƙarara abin da ka zaɓa in ya iske jijiyar ta manne: a cire duka ko a bar saura.

Ka tambaye shi kuma, cikin ladabi amma ba kunya: irin wannan aiki nawa yake yi a shekara? Cikin waɗanda ya yi wa, nawa ne fuskarsu ta dawo daidai bayan shekara guda? Akwai ma'auni na House da Brackmann mai mataki 1 zuwa 6, mataki na 1 da na 2 su ne fuska mai kyau, duk mai wannan aiki ya san shi. Shin akwai na'urar da ke sa ido a kan jijiyar fuska lokacin aiki? Likitan kunne da na ƙwaƙwalwa za su yi tare? Akwai ɗakin kulawa ta musamman bayan an fito? Yadda likita ya saba da ƙofar da ya zaɓa ya fi sunan ƙofar tasiri. Kuma da yake mai wuƙa yakan karkata ga wuƙa, mai na'urar gashi ga gashi, ka ji ta bakin ɓangarorin biyu. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato wurare ne da za a iya fara neman shawara. Mai niyyar fita Masar ko Indiya ya aika hotunansa tukuna, ya karɓi ra'ayi a rubuce, ya kuma san wanda zai ci gaba da duba shi in ya dawo gida, kafin ya sayar da kadara.

Duk maganar jinkirin nan ba ta shafi wanda ke da ciwon kai mai tsanani da amai, ko gani ya fara dishi-dishi, ko ɓarin fuska ya yi dundurus, ko tafiya ta rikice, ko haɗiya ta yi wuya ba. Wannan alamar ƙarin ya danne ƙwaƙwalwa ne ko ruwa ya taru a cikinta, a tafi asibiti a ranar. Wanda kuma aka samu ƙarin a kunnuwansa biyu, ciwo ne na daban da ake iya gada, shawararsa daban ce, a duba danginsa na kusa.

Bayan aiki, jiri na kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, maganinsa tashi da takawa da wuri tare da mai riƙe ka. A guji ɗaga kaya, yunƙuri, da fyace hanci da ƙarfi na wasu makonni. Ka tambayi likita yaushe za ka koma sujada, kafin nan ka yi salla a zaune. In ka ga ruwa garau yana ɗiga ta hanci ko ta wurin ɗinki, ko ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ka koma nan take, ruwan ƙwaƙwalwa ne ke yoyo kuma yana iya jawo sanƙarau. Idon da ba ya rufuwa a riƙa ɗiga masa maganin jiƙa ido, a rufe shi da filasta da dare, a sa tabarau musamman lokacin hunturu. Babur da hawa sama su jira sai tsayuwa ta daidaita.

Mai kunne ɗaya ba ya gane ta inda sauti ya fito, don haka ya duba hagu da dama da idonsa kafin ya tsallaka titi. Akwai na'urar da ke ɗauko sauti daga ɓarin da ya mutu ta kai wa mai ji, akwai kuma wadda ake dasawa a ƙashin bayan kunne, a nemi a gwada kafin a saya. Kunnen da ya rage kuwa a nisanta shi da ƙarar injin niƙa da janareta, kuma duk wanda zai rubuta maka allura irin su jentamaisin, ka sanar da shi cewa kunne ɗaya gare ka.