Shirin Jan Hankalin Malaman Makarantun Gwamnati Zuwa Ritaya da Wuri: Nazari a Kan Tsarin "Biyar-da-Biyar" na Jihar Ilinoyi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci shirin da jihar Ilinoyi ta ƙasar Amurka ta aiwatar a shekarun karatu na 1992/1993 da 1993/1994, wanda ya bai wa malaman makarantun gwamnati damar sayen ƙarin shekaru domin su ajiye aiki kafin lokacinsu. An yi bayanin tsarin fanshon da shirin ya ginu a kansa, da yadda ya sauya lissafin malami, da tasirinsa a kan ɗalibai da kuma asusun fansho. Nazarin ya tabbatar da cewa shirin bai cutar da karatun yara ba kamar yadda aka yi fargaba, amma kuɗin da makarantu suka ce sun tsimi bai ɓace ba. Ya koma ne kan asusun fansho, wanda al'ummar jihar za su ci gaba da biya shekara da shekaru.

1.0 Gabatarwa

Albashin malamai shi ne kaso mafi tsoka a kasafin kuɗin kowace hukumar ilimi. A makarantun gwamnati na Amurka, albashin malami yana hawa ne gwargwadon shekarun da ya yi yana aiki da kuma takardun shaidar da ya mallaka. Saboda haka malamin da ya shekara talatin a aji yana ɗaukar abin da ya ɗara na sabon shiga nesa ba kusa ba, alhali dukansu aji ɗaya kowa yake riƙewa. Idan aljihun hukuma ya yi ƙaranci, hankalin masu tsara kasafi yakan karkata ga waɗannan tsofaffin ma'aikata. Doka da yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago ba su yarda a sallame su haka kawai ba, don haka sai a nemi hanyar da za su tafi bisa raɗin kansu. Hanyar ita ce a ƙara wa fanshonsu armashi na ɗan wani lokaci, a ce duk wanda ya ajiye aiki a cikin wannan wa'adi zai samu fiye da abin da ya cancanta a ƙa'ida.

Tambayoyi biyu ne suke tasowa a nan. Ta farko, mene ne makomar ɗalibai idan gogaggun malamai suka fice a lokaci guda? Ta biyu, wa yake biyan kuɗin wannan tayi daga ƙarshe? An zaɓi jihar Ilinoyi domin amsa su saboda shirinta ya shafi jihar baki ɗaya, kuma masana sun bi diddigin sakamakonsa da alƙaluma.

2.0 Tsarin Fanshon Malaman Ilinoyi

An kafa asusun fanshon malaman jihar Ilinoyi a shekarar 1939. Ya ƙunshi malaman makarantun gwamnati na jihar, ban da na birnin Shikago waɗanda suke da nasu asusun tun shekarar 1895. Tsarin nasa shi ne wanda ake ƙayyade abin da ma'aikaci zai karɓa tun kafin ya yi ritaya, ta hanyar wani lissafi tsayayye, ba tare da la'akari da ribar da asusun ya samu ko asarar da ya tafka ba. Malaman jihar ba sa cikin shirin tallafin tsufa na gwamnatin tarayya a kan aikinsu na koyarwa, saboda haka wannan fansho shi ne madogararsu bayan barin aiki.

Ga malaman da aka ɗauka kafin shekarar 2011, abubuwa uku ne suke shiga lissafin: shekarun aiki, da shekarun haihuwa, da matsakaicin albashin shekaru huɗu a jere mafi tsoka cikin shekaru goma na ƙarshe. Kafin gyaran da aka yi a shekarar 1998, kowace shekara daga cikin goman farko tana ba malami kashi 1.67 cikin 100 na wannan albashi. Goma ta biyu tana ba shi kashi 1.9, goma ta uku kashi 2.1, sannan kowace shekara bayan talatin tana ba shi kashi 2.3, har zuwa iyakar kashi 75 cikin 100. Malamin da aka ɗauka kafin shekarar 2011 yana samun cikakken fansho idan ya kai shekara 60 da haihuwa tare da shekara 10 na aiki, ko shekara 55 tare da shekara 35 na aiki. Wanda ya kai shekara 55 yana da shekara 20 na aiki zai iya tafiya, amma za a zaftare masa kashi 6 cikin 100 a kan kowace shekarar da ta rage masa ya cika sittin, ko da yake a zamanin shirin ana iya biyan wani kuɗi na musamman domin ɗauke wannan ragi.

Costrell da Podgursky (2009) sun nuna cewa irin wannan tsari yana juya malami ta fuska biyu. Yayin da ya doshi shekarun cikakken fansho, kowace shekara guda da ya ƙara tana ƙara masa dukiya mai yawa, don haka ko ya gaji da aji zai daure. Da zarar ya wuce wannan mataki kuwa, kowace shekarar da ya ƙara a bakin aiki asarar fanshon shekara guda ce, sai tsarin ya koma tura shi waje. Ke nan tun kafin a zo da wani tayi na musamman, lissafin fansho shi ne yake tsayar wa mafi yawan malamai ranar tafiyarsu.

3.0 Shirin Biyar-da-Biyar

A zamanin Gwamna Jim Edgar, wanda ya mulki jihar daga 1991 zuwa 1999, aka buɗe wannan ƙofa ta wucin gadi. Malamin da ya kai shekara 50 da haihuwa, yake kuma da aƙalla shekara 5 na aiki, an ba shi damar sayen ƙarin shekaru har biyar a kan shekarun haihuwarsa da kuma biyar a kan na aikinsa, bisa sharaɗin ya ajiye aiki nan take. Daga nan ne sunan biyar-da-biyar ya samo asali. Malamin yana biyan kashi 4 cikin 100 na albashinsa a kan kowace shekarar da ya saya, hukumar ilimin gundumarsa kuma tana biyan kaso mafi girma daga nata ɓangaren. Biyan sau ɗaya ne tak, ƙarin fanshon kuwa na tsawon rai ne.

Misali zai fayyace girman tayin. A ɗauka akwai malama mai shekara 55 da haihuwa, wadda ta yi shekara 30 tana koyarwa, matsakaicin albashinta kuma dala 40,000 a shekara. A ƙa'ida ta tara kashi 56.7 cikin 100. Da yake saura shekara biyar ta cika sittin, za a zaftare kashi 30 cikin 100 na wannan adadi, abin da ya rage ya zama kusan kashi 39.7, wato dala 15,876 a shekara. A ƙarƙashin shirin kuwa, za a ɗauke ta a matsayin mai shekara 60 wadda ta yi shekara 35 tana aiki. Ragin ya kau, kasonta ya hau zuwa 68.2 cikin 100, wato dala 27,280 a shekara. Abin da za ta biya daga aljihunta bai wuce kashi 20 cikin 100 na albashin shekara guda ba, kimanin dala 8,000, kuɗin da za ta mayar tun shekarar farko ba ta ƙare ba. Ba abin mamaki ba ne da kusan kashi 10 cikin 100 na malaman jihar suka bar aiki a cikin shekaru biyun nan.

4.0 Tasirin Shirin a Kan Ɗalibai

Fargabar da aka yi a bayyane take. Waɗanda suka tafi su ne mafiya daɗewa a aji, waɗanda suka maye gurbinsu kuma galibi sababbin shiga ne. Bincike da dama a fannin tattalin arzikin ilimi ya nuna cewa malami a shekararsa ta farko da ta biyu bai kai gogagge iya koyarwa ba. Don haka ana sa ran sakamakon yara ya faɗi.

Fitzpatrick da Lovenheim (2014) sun gwada wannan hasashe. Dabararsu ita ce kwatanta makarantun da suke da tarin malamai masu shekara 15 ko fiye a bakin aiki kafin shirin, waɗanda su ne shirin ya fi girgizawa, da makarantun da suke da kaɗan daga irin waɗannan malamai. Sun duba yadda sakamakon jarrabawar lissafi da Ingilishi na 'yan aji uku da aji shida da aji takwas ya sauya a rukunonin biyu kafin shirin da bayansa. Ba su ga alamar faɗuwa ba. A wasu wuraren ma sakamakon ya ɗan ɗaga, kuma ɗagawar ta fi fitowa a makarantun 'ya'yan talakawa da waɗanda tun asali suke baya a jarrabawa.

Ana iya fahimtar wannan sakamako ta hanyar komawa ga bayanin da ya gabata a sashe na 2.0. Shirin bai tilasta wa kowa ba, malami ne yake zaɓa. Wanda zai fi saurin karɓar tayin shi ne wanda zuciyarsa ta riga ta bar aji, jiran cikar shekarun fansho kawai yake yi. Wanda har yanzu yake jin daɗin aikin yana iya ƙin sa. Bugu da ƙari, ƙwarewar malami tana ƙaruwa da sauri ne a shekarun farko, daga nan saurin ya ragu, alhali albashi yana ci gaba da hawa. Saboda haka tazarar da take tsakanin malamin da ya gaji da sabon da ya zo da himma ba ta kai yadda albashinsu yake nunawa ba.

Duk da haka, akwai buƙatar taka-tsantsan wajen ɗaukar darasin. Sakamakon jarrabawar darussa biyu bai ƙunshi dukkan abin da tsohon malami yake yi a makaranta ba, kamar horar da ƙananan malamai da sasanta tsakanin makaranta da iyaye. Haka kuma sakamakon ya dogara ne ga samun ƙwararrun matasa da za su cike guraben. A inda ake fama da ƙarancin malaman kimiyya da lissafi, ficewar mutum guda tana iya barin aji babu kowa.

5.0 Wa Ya Biya Kuɗin?

Ga hukumomin ilimi na gundumomi, shirin riba ce. Sun biya kasonsu sau ɗaya, suka sauke albashi mai nauyi, suka ɗauki mai sauƙi. Amma malamar da aka yi misali da ita ta fara karɓar fansho shekara biyar kafin lokacin da za ta samu cikakkensa, ta daina zuba nata kason a asusu, kuma abin da take karɓa ya fi abin da aka tanadar mata. Kuɗin da ita da gundumarta suka biya bai kai darajar wannan ƙari ba. Lissafin Fitzpatrick da Lovenheim ya nuna cewa nauyin da ya hau kan asusun fansho ya zarce abin da gundumomi suka tsimi, wato idan aka haɗa aljihun biyu, hukuma asara ta yi.

Tushen matsalar shi ne mai cin ribar daban, mai ɗaukar nauyin daban. Gunduma ce take biyan albashi, jiha ce take cike giɓin asusu. Ribar tana bayyana a kasafin bana, nauyin kuwa yana bazuwa cikin shekaru ashirin ko talatin masu zuwa, lokacin da waɗanda suka sa hannu sun daɗe da barin kujera. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai wannan bashi ya faɗa cikin waɗanda ba su ci shi ba.

Ba daidai ba ne a ɗora wa wannan shiri kaɗai alhakin halin da asusun ya shiga, domin babban dalilin giɓin shi ne gazawar jihar wajen zuba cikakken kasonta na tsawon shekaru. Sai dai shirin ya ƙara kaya a kan jakin da tuni ya jigata. A shekarar 1994 jihar ta yi dokar da ta tsara cewa nan da shekarar 2045 asusun zai mallaki kashi 90 cikin 100 na kuɗin alkawuran da suke kansa. Janye alkawarin kuma ba ya yiwuwa, domin tsarin mulkin jihar na 1970 ya haramta rage haƙƙin fanshon ma'aikaci, kuma a kan wannan hujja Kotun Ƙolin jihar ta soke dokar gyaran fansho ta 2013 a shekarar 2015. Waɗanda aka samu damar taɓawa su ne masu shigowa daga baya: malaman da aka ɗauka daga shekarar 2011 sai sun kai shekara 67 kafin su samu cikakken fansho.

6.0 Kwatanci da Nijeriya

Nijeriya ta fuskanci tambayar lokacin ritayar malami, ta kuma bi kishiyar hanya. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a shekarar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai daga 60 zuwa 65 da haihuwa, ko daga shekara 35 zuwa 40 na aiki, domin riƙe gogaggu. Haka nan tsarin fanshon karo-karo da aka shigo da shi a 2004, aka sabunta a 2014, ya bambanta da na Ilinoyi, domin ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100, hukuma tana zuba kashi 10, a asusun da yake na ma'aikacin shi kaɗai. A irin wannan tsari babu shekarun da za a saya, duk wani tayi sai an biya shi da tsabar kuɗi a lokacin, don haka ba ya ɓoyuwa. Abin da ƙwarewar Ilinoyi take koyarwa a nan shi ne, yawan shekaru a bakin aiki ba shi kaɗai ne ma'aunin amfanin malami ba, ko ana son sallamarsa ko ana son tsawaita zamansa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda lissafin fansho yake tsayar wa malami ranar tafiyarsa, da yadda shirin biyar-da-biyar ya matso da wannan rana ga kusan kashi ɗaya cikin goma na malaman Ilinoyi. Karatun yara bai ja baya ba, saboda waɗanda suka tafi su suka zaɓi tafiya, kuma an samu masu maye gurbinsu. Kuɗin kuwa ya tashi daga kasafin gunduma ya koma kan asusun da doka ta hana a rage alkawarinsa. Duk hukumar da take tunanin irin wannan shiri ya kamata ta haɗa lissafin albashi da na fansho a takarda ɗaya, ta tabbatar da akwai malaman da za su shiga azuzuwan da za a bari, sannan ta sa wanda zai ci ribar ya biya cikakken kuɗinta tun a ranar da aka buɗe ƙofar.